Waya Da Kwamfuta Amana Ce: A Rubuta Musu Ƙa'ida A Makaranta Da Ƙaramar Hukuma

Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan kasuwar Titin Bauchi, Jos, a wajen taron ƙungiya



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, masu unguwanni da dattawan gari, shugabannin makarantu, iyayenmu mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, samari da ɗalibai, muna yi wa kowa barka da zuwa.

An ɗora mana nauyin yin magana a kan yadda ya kamata a yi amfani da waya da kwamfuta a makarantunmu da kuma ofishin ƙaramar hukuma. Wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwa, wanda karatunsa na Islamiyya ne, da maganar na'ura? To jama'a, mu ne muke saya wa yaran nan wayar. Mu ne muke biyan kuɗin makaranta, mu ne muke biyan haraji. Kuma ranar da gari ya rikice, shagunanmu ne farkon rufewa, su ne na ƙarshen buɗewa. Saboda haka maganar tamu ce.

A kasuwa babu sana'ar da ba ta da doka. Mahauta suna da sarkin fawa. Direba a tashar Bauchi ba ya lodi sai layi ya zo kansa. Dillali ya san la'adarsa, mai awo ya san mudun da aka yarda da shi. Ba ƙiyayya ce ta kawo dokokin nan ba, an yi su ne don kowa ya ci abincinsa ya koma gida lafiya. Amma ga wani abu ya shigo aljihun kowa, ya shiga jakar ɗalibi, ya hau teburin akawu, ya fi wuƙar mahauci kaifi, kuma a wurare da yawa ba shi da sarki, ba shi da layi, ba shi da mudu. Abin da muka zo nema ke nan: a zauna a rubuta masa ƙa'ida, gajeriya, cikin harshen da kowa ke ji, tun kafin ta ɓaci.

ABIN DA IDONMU YA GANI

Mu mutanen Jos ba ma bukatar a kawo mana misali daga nesa. Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya cikin watan Agustan 2001. Ran 7 ga Satumba na wannan shekara gari ya kama da wuta. A lokacin mutane ƙalilan ne ke da waya, jita-jita da ƙafa take yawo, kafin ta tashi daga Gangare ta kai Anguwan Rogo wani dattijo ya tare ta a hanya. Amma da aka zo rikicin Janairun 2010, waya ta riga ta shiga kowane gida. Saƙonnin tes suka yi ta yawo a ɓangarorin biyu, har da masu cewa kada a sayi abinci a hannun wane da wane domin an sa guba. Ku tambayi masu talla da masu tebur abin da wannan ƙarya ta jawo musu.

Sai kuma watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a Barikin Ladi. Hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook. Daga baya binciken BBC ya nuna cewa wani bidiyon da aka yi ta yaɗawa ba ma a Nijeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Barazabil yake, tun 2012. Ran 24 ga wannan wata aka tare hanya aka fitar da mutum 11 daga motocinsu aka kashe. Mutane ne masu neman abincinsu kamar mu. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa. Kun ga bambanci ke nan. Wani da yatsa ɗaya ya hura wuta yana kwance a ɗakinsa, wani kuma ya sa ransa a gaba ya kashe ta.

Kada wani ya ce ai wannan maganar manya ce, ba ta shafi makaranta ba. A watan Mayun 2022 a Sakkwato, saƙon murya guda a zauren WhatsApp na 'yan aji a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ya ƙare da kashe ɗaliba, aka rufe makaranta, aka sa dokar hana fita a gari. Zaure ne da aka buɗe don karatu. Babu addinin da ya yarda a taɓa abin da wani ke girmamawa, babu kuma shari'ar da ta ba taron jama'a ikon yanke hukunci. A gari irin namu, inda yaran Musulmi da na Kirista ke zama aji ɗaya, wannan darasi ne da bai kamata ya wuce mu ba.

HANAWA ƊUNGURUNGUM BA MAGANI BA CE

Mun san akwai iyayenmu da ke cewa a raba yara da na'ura kwata-kwata a huta. Muna girmama wannan ra'ayi, domin kishi ne ya kawo shi. Amma mu duba gaskiya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko da ya haddace littafi, hannunsa rawa zai yi, lokaci ya ƙare bai gama ba. WAEC ma ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2024 ga masu rubutawa daga waje. Ga Jami'ar Jos nan a bakin titinmu, muna kallon ƙofarta kullum. Idan muka hana yaranmu sanin na'ura, da hannunmu muka rufe musu wannan ƙofa.

Mu kanmu fa? Lokacin ƙarancin takardar kuɗi a farkon 2023, wanda ba ya karɓar taransifa kayansa ya zauna yana kallo. Mai tumatir a Farar Gada da waya yake jin farashin Legas kafin ya yi lodi. To abin da muke ci da shi, yaya za mu ce wa yaro haramun ne?

Sai dai kuma sakin linzami ya fi muni. Idan jama'a ba ta tsare kanta ba, hukuma ce za ta tsare ta, kuma sandar hukuma ba ta zaɓe. A watan Satumbar 2021, saboda matsalar tsaro, an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Mai laifi da marar laifi duk suka sha. Ƙasashen da suka ƙera abin ma sun sa masa takunkumi. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Ostareliya ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafin sada zumunta. Mai abu ya ɗaure abinsa, mu masu saye ne za mu sake shi?

ƘA'IDAR MAKARANTA

Abin da muke roƙo shi ne kowace makaranta a unguwanninmu, ta gwamnati, ta kuɗi ko ta Islamiyya, ta sami takarda guda, kada ta wuce shafi biyu, da Hausa da Turanci. A karanta wa uba ko uwa ranar ɗaukar yaro, su sa hannu, yaro ya sa, shugaban makaranta ya sa. Mu 'yan kasuwa mun san cinikin da ba rubutu ƙarshensa rantsuwa da gaba. Ga abin da muke ganin ya kamata ta ƙunsa.

Na farko, lokaci da wuri. Ɗan firamare ba shi da abin yi da waya a makaranta. Ɗan sakandare idan nisan gida ya sa dole ya zo da ita, ya miƙa ta a ofis da safe a ba shi lamba, ya karɓa in an tashi. Uban da ke neman ɗansa ya kira lambar makaranta. Wannan ya zama wajibi ga makaranta ta sami layin da ake ɗauka, domin a Jos uba ba ya sakin jiki idan ya ji ƙishin-ƙishin a gari bai ji muryar ɗansa ba.

Na biyu, kwamfutar makaranta ta karatu ce. Ba ta caca ba ce, ba ta kallon batsa ba, ba ta koyon damfarar intanet ba. A jera su fuskarsu na kallon malami, kada a bar yaro shi kaɗai da ita a ɗaki a rufe. Kowane ɗalibi da sunansa a littafi, da ranar da ya zauna da kuma na'urar da ya zauna a kai.

Na uku, hoto. Kada ɗalibi ya ɗauki hoton ɗan'uwansa ko malaminsa ba da izini ba. Makaranta ita ma kada ta sa hoton 'ya'yanmu a Facebook don talla sai ta tambaye mu. Wannan ba alfarma muke nema ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce bayanin yaro sai da yardar iyayensa. Hoton 'ya mace guda ɗaya idan ya fita, ya fita ke nan. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta. Balle yanzu da na'ura ke iya ɗora fuskar mutum a jikin wani, ta kwaikwayi muryarsa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

Na huɗu, zauren WhatsApp na aji ko na iyaye. Kowane zaure ya zama da babba mai kula da shi, wanda makaranta ta sani. A rubuta a samansa abin da aka buɗe shi dominsa. Babu siyasa, babu muhawarar addini ko ƙabila, babu hoton gawa, babu "an ce a tura wa kowa". Wanda ya saɓa a goge saƙonsa nan take, a ja masa kunne, in ya sake a fitar da shi. Ranar da gari ya yi zafi kuwa, mai kula ya kulle zauren, shi kaɗai ya riƙa sanarwa. Malamanmu sun karantar da mu a Islamiyya cewa a cikin Suratul Hujurati an umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, an kuma hana mu bin diddigin asirin juna da giba. Wannan hukunci bai tsaya a bakin mutum ba, ya hau kan yatsansa.

Na biyar, ƙa'idar ta hau kan malami kamar yadda ta hau kan ɗalibi. Malamin da ke latsa waya a aji ba shi da bakin hana yaro. Kada malami ya riƙa tura wa ɗaliba saƙo ita kaɗai, balle da dare. Duk abin da ya shafi karatu ya bi ta zauren aji ko ta wayar iyaye. Wannan kariya ce ga yarinyar, kariya ce kuma ga mutuncin malamin. Makarantar da ta tura wa ɗalibai amsar jarrabawa ta waya kuwa, algus ta yi, kamar mai zuba tsakuwa a ƙasan buhu. Ta sayar wa uba takarda babu ilimi a ciki.

Na shida, hukunci ya zama sananne tun farko. Karon farko gargaɗi, na biyu a kira uba, na uku a riƙe wayar zuwa ƙarshen zango. Ba mu yarda a fasa wayar yaro da guduma a gaban taro ba, dukiyar ubansa ce, kuma ɓarnar dukiya ba tarbiyya ba ce. Idan akwai dalilin duba abin da ke cikin waya, a duba a gaban mahaifi. Yaron da ya zo da kansa ya ce wani na tsoratar da shi ko na neman lalata shi ta waya, kada a fara da dukansa. In aka doke shi, na bayansa ba zai faɗa ba.

ƘA'IDAR ƘARAMAR HUKUMA

Yanzu mu juya wajen sakateriya. Tun da aka ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991, kowa a nan ya san nauyin da maganar ƙaramar hukuma take da shi a garin nan. Ba wannan muka zo tonawa ba, ba kuma muna zargin wani ma'aikaci ko ofis ba ne. Abin da za mu faɗa ya shafi duka ƙananan hukumomi 17 na Filato. Ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta san ƙofar gidanmu. Wurinta lasisin shago yake, da kuɗin rumfa, da asibitin sha-ka-tafi, da makarantun firamare. Sunanmu, unguwarmu, lambar wayarmu, wani lokaci har ƙabila da addini, duk suna cikin fayil. Da can mai son satar fayil sai ya sungumi kaya. Yau sunayen unguwa guda za su shiga ɗan abin da bai kai ɗan yatsa ba. A garin da aka taɓa tare mota ana tambayar suna, jerin sunaye da adireshi ba abin wasa ba ne.

Saboda haka muna kira ga shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinmu da su fito da rubutacciyar ƙa'ida a kan abubuwa kamar haka.

Kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa, kada a yi tarayya. Idan mutum biyar suna shiga da lamba ɗaya, ranar da aka canza adadi ko aka cusa sunan ma'aikacin bogi, wa za a kama? Ko a shago, yaron da ke riƙe da makulli shi ake tambaya. Wanda aka canza wa wurin aiki ko ya yi ritaya, a rufe lambarsa a ranar.

Kada a tambayi mutum abin da aikin bai bukata ba. Mai neman rumfa, me ya kawo addininsa cikin fom? Kuma abin da aka karɓa don haraji kada ya koma hannun 'yan siyasa lokacin zaɓe, ko hannun masu talla. Dokar 2023 da muka ambata ta kafa hukuma ta musamman a kan wannan, ta kuma wajabta a sanar da ita cikin awa 72 idan bayanan jama'a suka fita ta hanyar da za ta cutar da su.

Takardun ofis kada su riƙa yawo a wayar ma'aikaci ta kansa. Kwamfutar ofis kada a kai ta gida yara su yi wasa da ita, kada kuma a kai ta gyara bakin titi da sunayenmu a cikinta.

Kuɗin hukuma ya shiga asusun hukuma. Idan mai karɓar haraji ya zo da na'urar POS, rasit ya fito da sunan ƙaramar hukuma, ba sunan wani mutum ba. A manna lambar asusun a ƙofar kasuwa kowa ya gani. Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Wanda ke neman a damƙa masa kuɗi, ya fara nuna littafinsa a fili.

A ajiye kwafin komai a wuri na biyu. Mu da muka ga gobarar babbar kasuwar Jos a Fabrairun 2002 mun san yadda dukiya da littafin bashi ke tafiya a dare ɗaya. Kwamfuta ma tana ƙonewa, ana sace ta, tana mutuwa.

Sannan hukuma ta zama da baki ɗaya. A san shafinta na gaskiya da jami'in da ke magana da yawunta. Idan jita-jita ta tashi, a fito cikin awa ɗaya a faɗi gaskiya da Hausa da Turanci da sauran harsunan gari, domin shirun hukuma shi ne takin ƙarya. Ma'aikaci kuma ya sani abin da ya rubuta a shafinsa, jama'a za su ɗauka ofis ne ya faɗa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai yaɗa ƙarya da gangan don ta da hankalin jama'a. Amma muna jan hankali, kada ƙa'ida ta zama sandar dukan mai ƙorafi. Wanda ya ɗauki hoton kwatar da ta toshe ko ajin da rufinsa ya yaye ya nuna wa duniya, bai yi laifi ba, taimakon hukuma ya yi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mai girma shugaban taro, kada mu tashi da tafi kawai. Muna ba da shawarar ƙungiya ta kafa ɗan kwamiti: malamin Islamiyya, malamin boko, uwa, ɗan kasuwa, lauya, da matasa biyu da suka san kan na'ura. Mu dattawa mun san mutane, su yaran sun san injin, sai an haɗa. A ba su wata biyu su kawo daftari, a karanta shi a taro irin wannan, a gyara, a kai wa makarantu. A nemi maƙwabtanmu na coci da shugabannin sauran al'ummu su sa baki, domin saƙon ƙarya ba ya tsayawa a iyakar unguwa, ƙa'idar ɓangare ɗaya kuma rabin katanga ce. Daga nan a ɗunguma tare a kai wa kansiloli. Kowace shekara a sake dubawa, tun da abin kullum sabon salo yake fitowa da shi.

Mu iyaye kuma namu ya fi na kowa. Makaranta awa shida take riƙe yaro, sauran a hannunmu yake. Wayar yaro ta kwana a ɗakin uwarsa. Mu san lambar buɗe ta. Kuma kafin mu tura saƙon da ya shigo mana, mu tambayi kanmu: wa ya faɗa, yaushe, a ina, kuma idan ƙarya ne jinin wa zai hau kanmu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, rigakafi kuma ya fi magani.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da garinmu Jos da jiharmu Filato da ƙasarmu Nijeriya lafiya. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.